Hawayen Mai Hoto

A layin da ke bayan ofishin katin shaida akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofa, faɗinsa bai wuce taku huɗu ba. A ciki akwai kujera ɗaya marar majingina, da farin ƙyalle da aka ɗame a bango, da fitilu biyu, da madubi da mataji a rataye, sai kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku. Shekara talatin da takwas mutum ɗaya ne yake buɗe wannan ƙofa da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Kowa a layin Tsaya-Haka yake ce masa, domin abin da yake faɗa ke nan kafin ya danna.

Aikinsa fasfo ne, ɗan ƙaramin hoton nan da ake liƙawa a fom: na neman aiki, na makaranta, na katin asibiti, na fansho. Dokar fasfo sananniya ce. Fuska a fili, ido a buɗe, baki a rufe, ba murmushi. Masu hoto da yawa sukan zaunar da mutum su danna su sallame shi, ya fita da fuska kamar wanda aka kama da kayan sata. Shi kuwa sai ya zaunar da kai, ya gyara maka wuyan riga, ya koma bayan kyamara ya yi ta jan ka da hira. Ina za a kai hoton? Yara nawa ne a gida? Yana magana yana kallo. Yakan ce kowa da fuskar titi yake shigowa, sai an jira ta gida ta iso. In ta iso, sai ka ji ya ce a hankali, "Tsaya haka."

Daga wannan aiki ya samo wata aƙida da ya kai gida ya shuka. Mutum ya faɗi abin da ya ga dama da baki, shi da abin da ya gani a fuska zai yi aiki. Matarsa, wadda ta koyar a firamare shekara talatin har sunan Malama ya bi ta, ta sha wannan karatu. In ta ce ba ta yi fushi ba, sai ya ce, "Gaya wa girarki ta hagu." In Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ta rage a gida, ta ce kanta ba ya ciwo, sai kawai ya miƙo mata magani. Kuma yawanci yakan yi daidai. A kan haka gidan ya tashi: a duba fuska, a ƙyale baki.

Maƙwabcin shagonsa mai gyaran agogo ne, wani dattijo siriri da bai taɓa buɗe shago a kan lokaci ba.

"Sarkin Latti, an iso? Agogo ɗari a bango, ba wanda ya tashe ka?"

"Duk na mutane ne, ba su san ni ba. Kai fa, yau fuskar wa ka ɓata?"

Da ƙarfe goma su zauna a benci ɗaya su sha shayi. Haka suka yi ta yi har gashin kansu ya yi fari tare.

Wata Talata da hantsi, Tsaya-Haka yana gyara wa wata ɗaliba zama, sai mataji ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, bai tashi ba. Ɗalibar ta yi ihu, Mai Agogo ya tare mota. A asibiti aka ce hawan jinin da ya daɗe yana wasa da shi ne ya taɓa wata jijiya a kai, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya yi kwana goma sha tara a gado. Ya dawo gida yana jan ƙafa, hannu yana reto, baki ya ɗan karkace. Maganarsa ta yi nauyi amma ana gane ta.

Kukan ya biyo shi gida. Malama ta kawo masa shayi, ya dubi cokalin da ke cikin kofin, sai fuskarsa ta yamutse, hawaye suka ɓalle, har da shessheƙa. Bayan minti ɗaya ko biyu abin ya ɗauke kamar an rufe famfo.

"Ba kuka nake ba," in ji shi, yana share haɓa da hannun dama.

"To, Maigida, mun ji."

"Wallahi ba abin da ke damuna. Shi kaɗai yake zuwa."

"Mun ji, Baba," in ji Auta, ta juya baya ta share nata.

A kicin suka yanke hukunci. Namiji ne, ba zai taɓa yarda ba. Ga fuska ta faɗi komai, kuma shi da kansa ya koya musu wanda ake yarda da shi tsakanin fuska da baki.

Malama ba mace ce mai zama ta zuba ido ba. Ta ɗauko sabon littafin rubutu, ta ja layi da rula kamar rajistar aji, ta yi gida uku: rana, lokaci, dalili. Duk sanda ya yi kuka sai ta dubi abin da idonsa ke kai ko abin da kunnensa ya ji, ta rubuta. Labaran rana a rediyo. Hoton aurensu da ke bango. Gaisuwar matar maƙwabci. Kyamararsa, wadda Auta ta ɗauko daga shago don ta faranta masa. Shuɗin labulen taga. A gaban cokali ta sa alamar tambaya.

Abin da ya shiga littafi kuwa sai ya bar ɗaki. Rediyo ta koma kicin. Hoton aure ya shiga ƙarƙashin katifar Auta. Kyamara aka naɗe ta da tawul aka kulle a akwati. Masu zuwa dubiya Malama ta riƙa tare su a bakin ƙofa, ta karɓi gaisuwa ta ce yana barci. Mai Agogo kaɗai ake bari, domin shi in ya zo da la'asar, a makare kamar kullum, har ɗan murmushi yakan samo daga bakin da ya karkace.

A mako na biyar Mai Agogo ya zo bai yi tsokana ba. Ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya riƙe. Ya ce yayansa ya rasu, wanda ya raine shi, wanda ya fara ɗora masa gilashin gyaran agogo a ido.

Tsaya-Haka ya buɗe baki zai yi masa ta'aziyya, sai dariya ta fito. Dariya sosai, mai girgiza kafaɗa, har gadon yana motsi. Ya toshe baki da hannu, ta fito ta hanci. Yana girgiza kai, yana son ya ce a'a, ba ta ba shi hanya ba. Mai Agogo ya dube shi na ɗan lokaci, ya mayar da hularsa, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya fita. Malama ta bi shi har titi tana ba shi haƙuri. Da ta dawo ta buɗe littafi, ta daɗe riƙe da biro, sannan ta rubuta: Mai Agogo.

Kashegari Tsaya-Haka ya ce a kawo masa madubi. Ya jingina shi a gwiwa ya zauna yana jira, kamar yadda yake jiran fuskokin mutane. Da kukan ya zo sai ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Ya ga wani tsoho cikin matsanancin baƙin ciki, alhali a ƙirjinsa ba ya jin komai sai kunya. Shekara talatin da takwas yana yarda da abin da ya gani, yanzu ga tasa fuskar tana ba da shaidar zur a kansa, kuma ba mai sauraron ƙararsa. Ya ce a ɗauke madubin. Malama ta rubuta: madubi.

Ɗakin ya koma fari fat. Ba hoto, ba labule mai launi, ba murya. Gado ne da kujera da bango, kamar ƙyallen da ake ɗamewa a bayan mai fasfo. Kukan kuwa ya ragu, tunda ba abin da zai taɓo shi.

Sai wani abu dabam ya shigo, wanda ba shi da sauti. Ya daina matsa ƙwallon robar da masu gashin ƙashi suka ba shi, ta gangara ƙarƙashin gado ba wanda ya nema. Takun da yake yi daga gado zuwa ƙofa ya daina. Abinci yana dawowa da rabi, daga baya da kusan duka. Tun kafin asuba yake farkawa ya zuba wa rufi ido. Wata rana Auta tana yanke masa farce ya ce, "Da ɗalibar nan ba ta yi ihu ba, da yanzu kun huta."

Auta ta ɗaga kai ta duba fuskarsa. A bushe take, a kwance, ba ko motsi. Ta ce a ranta gajiya ce kawai.

A wannan lokaci ne Malama ta yanke shawara a kan shago. Wani mai sayar da waya ya daɗe yana tambaya. Ta ce a kwashe kaya, ƙarshen wata mai kamawa a miƙa masa mabuɗi, don kada Maigida ya riƙa tuna wurin yana shan wahala. Da ta gaya wa mijin ta tsura masa ido tana jiran hawaye.

"To," in ji shi.

"Kin gani?" ta ce wa Auta a kicin. "Ya haƙura. Sauƙi ya fara samuwa."

Ranar biyu ga wata suka koma ganin likita. Mace ce mai matsakaicin shekaru, tabarau a rataye a wuya. Bayan ta auna jini ta duba hannu da ƙafa, Malama ta ajiye littafin a tebur kamar mai miƙa sakamakon jarrabawa.

"Kwana goma sha biyu ke nan ba ko ɗigo, Likita."

Likitar ta sa tabarau ta karanta shi shafi shafi, har da alamar tambayar cokali. Sannan ta juya kujerarta ta fuskanci majinyacin.

"Baba, lokacin da kake wannan kuka, ranka a ɓace yake?"

"A'a."

"Ka gaya musu?"

"Kullum."

"Yanzu fa da ba ka yi?"

Ya ce, ba tare da fuskarsa ta motsa ba, "Yanzu kam, 'yata, in gari ya waye haushi nake ji."

Ta tambaye shi barci, ta tambaye shi abinci, ta tambaye shi ko ya taɓa tunanin ya cutar da kansa. Ya ce bai yi ba, sai dai in mutuwa ta zo ba zai ce ta dawo gobe ba. Malama ta dafe tebur.

"Mama, abu biyu ne a nan," in ji likitar, "kuma an saka wa kowanne rigar ɗan'uwansa. Kukan da dariyar, ciwon ne ya taɓa wurin da ke riƙe su a ƙwaƙwalwa. Kamar ƙofar da sakatarta ta karye ce, iska kaɗan ta buɗe ta, ko da ba kowa a bayanta. Yana faruwa ga mutane da yawa bayan shanyewar jiki. Shirun nan kuwa shi ne ciwon damuwa. Shi ma yana yawan biyo wannan cuta, kuma zaman kaɗaici yana ƙara masa ƙarfi. Shi ne abin tsoro. Akwai magani, yakan taimaka wa duka biyun. Zan kuma haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa."

"Likita, mijina ba mahaukaci ba ne."

"Ban ce ba, Mama. Ai ƙafar ma a ƙwaƙwalwa ta shanye, kuma ba ku ji kunyar kai ta gashi ba." Ta tura mata littafin. "Kin yi aiki mai kyau, ba a taɓa kawo mini bayani tsaf kamar wannan ba. Yanzu ki bi shi daga ƙarshe zuwa farko, ki mayar masa da kayansa."

A mota, sun kusa gida, Malama ta ce, tana kallon taga, "Ka gaya mini fa."

"Na gaya miki."

"Kai ka ce a duba fuska."

"Ni na ce," in ji shi.

Da safe Malama ta tafi shagon Mai Agogo, ta jira shi rabin sa'a. Ta yi masa bayanin sakata da ƙofa. Ya saurara yana juya wani ɗan ƙaramin sukurudireba a yatsunsa.

"Na gane," in ji shi. "Akwai irin agogon nan. Lokacin da yake nunawa daidai ne, sai dai ƙararrawar ta riƙa bugawa yadda ta ga dama. Ba a jefar da shi." Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Malama, ni ma fuskarsa na duba. Shi ya lalata mu duka."

Da la'asar ya zo. Tsaya-Haka ya kama hannunsa ya ce, "Allah ya jiƙan yayanka," bakinsa ya fara rawa, kafaɗa ta fara motsi.

"Yi abinka, tsoho," in ji Mai Agogo. "Ni da latti ba a ba ni labari. Kai ne dai ba ka saba ba."

Maganin bai yi gaggawa ba. Mako biyu na farko ba abin da ya kawo sai tashin zuciya da bushewar baki. Rediyo ta dawo, kukan ya dawo tare da ita. Labule ya dawo, hoton aure ya koma ƙusarsa. Abin da ya fi wa Malama wuya shi ne ta ga hawaye ta zauna. Hannunta da kansa yake miƙewa ya kashe rediyo. Sau biyu ta kashe, sau biyu Auta ta kunna. Kyamara kaɗai ta ƙi fitowa da ita daga akwati, maganar mabuɗi kuma ba wanda ya sake tayarwa. Shi bai tambaya ba, ita kuma tana tsoron ta tambaye shi.

Saura kwana uku wata ya ƙare aka kira tsofaffin malamai tantancewar fansho, kowa ya zo da fasfo biyu sababbi. Malama ta yafa mayafi ta ɗauki jaka tana sanɗa ta gaban ƙofarsa.

"Ina zuwa?"

"Nan kusa ne. Hoto zan yi."

"Wa zai ɗauke ki?"

"Masu sabon shagon nan na bakin mahaɗa."

"Waɗanda ke yanke wa mutane goshi?"

Auta da ke shara ta tsaya da tsintsiya a hannu. Wata biyu ke nan ba su ji ya zagi aikin wani ba.

"Tun da na aure ki ba wanda ya ɗauke ki sai ni," in ji shi. "Auta, ina mabuɗin akwatin nan?"

Ƙofar shagon ta yi tauri, sai da Mai Agogo ya sa kafaɗa. Ƙura ta kwanta a kan komai. Matajin yana nan a ƙasa inda ya faɗi. Auta ta kaɗe farin ƙyallen, ta kunna fitilu. Da hannu ɗaya ba a ɗaura kyamara a sanda, don haka Mai Agogo ya ɗaura, Tsaya-Haka yana jingine da bango yana ba da umarni.

"Sama kaɗan. Na ce kaɗan, Sarkin Latti, ba rufi za mu ɗauka ba."

Malama ta zauna a kujerar. Ya ja ƙafa ya zo ya gyara mata bakin mayafi, ya koma bayan kyamara, ya sa ido. Abin da ya gani fuskar mai gadi ce, wadda ta yi wata huɗu tana tsaron ƙofa. Ya fara jan ta da hira. Ƙarfe nawa za a fara tantancewar? Su wa za ta gani a can?

Sai kukan ya zo. Fuskarsa ta yamutse, hawaye suka zubo kan rigarsa. Malama ta yunƙura.

"Zauna," ya ce cikin shessheƙa.

"Maigida, bari mu koma gida, wata rana..."

"Malama, zauna. Aiki nake."

Ta koma ta zauna. Ba rediyon da za ta kashe, ba labulen da za ta cire. Dokar fasfo ta ɗaure ta: ido a buɗe, baki a rufe, fuska ga mai hoto. Haka ta kalli kukan mijinta daga farko har ƙarshe, hannuwanta a cinya. A ƙarƙashin hawayen kuwa ta ga hannunsa na dama yana murɗa gilashin kyamara a natse, yana neman ta. Ya goge idon dama a kafaɗa ya sake leƙawa.

"Littafin nan naki," in ji shi, "cokali dai an gano laifinsa?"

Dariya ta taso mata, ta danne ta saboda doka. Kafaɗunta suka sauka. Girarta ta hagu ta koma wurinta.

"Tsaya haka."

Ran ƙarshen wata mai sayar da waya ya zo karɓar mabuɗi, ya tarar da ƙofa a buɗe da mutum biyu a layi. Malama ce ta fita ta ba shi haƙuri.

Hannun hagu bai dawo ba har yau. Tsaya-Haka yana buɗe shago safiya uku a mako, Auta ta kawo shi ta wuce aiki. Yana shan maganinsa, yana ganin likitan ƙwaƙwalwa duk wata. Kukan ya ragu amma bai tafi ba. Akwai makon da nauyin yakan dawo, shuɗiyar ƙofar ta kwana bakwai a rufe, sannan ta sake buɗewa. A irin wannan mako Malama ba ta duba fuskarsa. Takan zauna a bakin gado ta tambaye shi, ta kuma saurari abin da ya ce.

Fasfon nata guda biyu sun tafi ofishin fansho. Na uku yana ƙarƙashin gilashin teburinsa. In baƙo ya zauna a kujera ya ga mai hoto ya ɓarke da kuka, yakan rasa inda zai sa idonsa. Sai a ji muryar Mai Agogo ta bango.

"Kada ka damu, ɗan'uwa, ba kai ba ne. Zauna daidai, yana ganinka sarai."